Tsutsar dabino: Ephestia ce ko Cadra, kuma daga ina ta shigo?

Mai Dabino, Madina:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manya da ƙananan wannan zaure, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Ni ɗan kasuwar dabino ne a Madina, shekara goma sha tara ke nan ina wannan sana'a, kuma galibin masu sayen kayana mahajjata ne da masu Umara daga Najeriya da Nijar da Gana, waɗanda burinsu su koma gida da tsarabar da ba za ta ba su kunya ba. A kakar bana na karɓi katan ɗari biyu na dabinon safawi da khudri daga wata gona, na jera su a sito kamar yadda na saba. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki yarona ya buɗe katan ɗaya don ya cika wa wata baiwar Allah kilo uku, sai ya ga dabinon ya manne da juna da wani siririn zare kamar yanar gizo. Da na tsaga guda ɗaya, sai na tarar da wani gari-gari mai launin ƙasa a jikin ƙwallon, ga kuma tsutsa fara-fara mai jan kai, tsawonta bai wuce farcen ɗan yatsa ba, tana ja da baya tana neman wurin ɓuya. Da magariba ta yi na koma siton, sai ga ƙananan asu masu launin toka suna ta shawagi tsakanin katan-katan.

Na kira wani kamfanin feshi, suka duba, suka rubuta mini a takarda cewa sunan ƙwaron Ephestia cautella. Ɗan ƙanena da ke karatu a jami'a ya ga takardar, ya ce shi a littafinsu Cadra cautella aka rubuta. Tambayata ta farko ita ce, ƙwari biyu ne daban, ko kuwa ɗaya ne mai suna biyu? Ta biyu kuma ita ce ta fi damuna. Manomin ya ce a sitona tsutsar ta shiga, ni kuwa zuciyata tana raya mini cewa daga gonarsa ta zo. Mun shekara tara muna hulɗa ba tare da wani ya taɓa cutar wani ba, kuma ba na so in ɗora masa laifin da ba nasa ba. Shin sanin ainihin sunan ƙwaron zai iya raba mana wannan gardama?

Ɗalibin Ilimin Ƙwari, Riyad:

Wa alaikumus salam. Baba Alhaji, Allah ya mayar da alheri, ya sa iyakar asarar ke nan. Amsar tambayarka ta farko a taƙaice ita ce, ƙwaro ɗaya ne, kuma da kamfanin da ɗanka babu wanda ya yi ƙarya, sai dai sunan da ɗanka ya gani shi ne wanda masana rabe-raben ƙwari suka fi tsayawa a kansa a yau. Amma ka yi mini haƙuri in ɗan faɗaɗa, domin idan aka gane yadda aka tsara dangin, tambaya ta biyu ma za ta fi sauƙin kamawa.

Sunan kimiyya kalma biyu ne, bisa tsarin da ake lissafin farkonsa daga aikin Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, na shekarar 1758. Kalmar farko ita ce jinsi, wato kamar sunan gida, ta biyu kuma nau'i, wato sunan ɗan gidan. Gidaje masu kusanci ana haɗa su cikin zuriya, zuriyoyi kuma cikin dangi. Asun da ka gani ɗan dangin Pyralidae ne, waɗanda ake yi wa laƙabi da asu masu hanci, saboda wasu gaɓoɓi biyu na bakinsu da suke miƙowa gaba har su yi kama da ɗan tsinin hanci. Dangin yana da nau'o'i kimanin dubu shida da aka riga aka bayyana, an kuma kasa shi zuriya biyar: Pyralinae, Galleriinae, Chrysauginae, Epipaschiinae da Phycitinae. A cikin Galleriinae ne ake samun asun da ke lalata saƙar zuma, wanda masu kiwon zuma na yankunan Baha da Asir a nan Saudiyya suka sani sarai. Ita kuwa Phycitinae ita ce mafi yawan 'ya'ya, ta haura rabin dangin gaba ɗaya, kuma a cikinta ne kusan duk asun da ke ɓarnar dabino a sito suke. A da ana haɗa wannan dangi da Crambidae, inda tsutsar da ke huda karan gero da dawa take, amma daga baya aka raba su, galibi saboda bambancin ƙirar wata gaɓar ji da suke da ita a gindin ciki, wadda da ita suke jin ƙarar jemage su kauce masa.

To, ga yadda suna biyun ya samu. Wani Bafaranshe mai suna Guenée shi ya kafa jinsin Ephestia a 1845, kuma nau'in da aka ɗauka a matsayin ma'aunin jinsin shi ne elutella, asun taba da koko (wanda ake yin cakulan da shi), wanda Hübner ya bayyana tun 1796. Shi kuma Francis Walker, wanda ya yi aiki a kan tarin ƙwarin gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, ya bayyana asun naka a 1863 daga samfurin da aka kawo daga tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, ya sa masa suna Pempelia cautella. A shekarar da ta biyo baya, 1864, ya sake bayyana wani samfuri da sunan Cadra defectella, ya buɗe masa sabon jinsi, ba tare da ya lura cewa ƙwaron nan ne dai na bara ba. Da masana suka gano haka, sai sunan nau'i na farko, cautella, ya tabbata, domin ƙa'idar ita ce sunan da ya riga shi ke da haƙƙi. Shekaru masu yawa ana lissafa shi cikin gidan Ephestia saboda tsananin kamarsu, har zuwa wajen 1960 lokacin da aka farfaɗo da sunan Cadra aka mayar da shi can tare da 'yan uwansa, bisa bambancin da ake gani a gaɓoɓin haihuwa na namiji da mace. Shi ya sa idan ka ga an rubuta Cadra cautella (Walker, 1863), bakan da aka sa wa sunan Walker yana nufin an ɗauke ƙwaron daga gidan da shi ya fara ajiye shi. Masu aikin feshi da littattafan ajiyar abinci da yawa sun riƙe tsohon sunan har yau, wasu masanan ma suna ganin Cadra reshe ne kawai a cikin Ephestia, don haka ba abin mamaki ba ne ka ci karo da su duka biyun.

'Yan gidan Cadra da suka shafi mai dabino uku ne. Akwai cautella ɗin nan, wanda ya bazu a duk ƙasashen zafi ta hanyar fatauci, yana cin dabino da gyaɗa da koko da hatsi. Akwai calidella, wanda Guenée ya bayyana a 1845, ya fi yawa a kewayen Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya. Akwai kuma figulilella na Gregson, 1871, wanda ya shahara da ɓata zabibi. Gidan bai tsaya nan ba, domin a 1994 Marianne Horak ta bayyana sababbin nau'o'i biyar daga Ostireliya, waɗanda 'yan daji ne, babu ruwansu da sito. A gidan Ephestia kuwa, ban da elutella, akwai kuehniella da Zeller ya bayyana a 1879, asun garin alkama, wanda ya fi girma, da zanen baƙi mai lanƙwasa a fukafukansa, kuma ya fi son injin niƙa da wuri mai ɗan sanyi a kan siton dabino.

Hajiya Uwargida, Makka:

Sannu da ƙoƙari ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Alhaji, ina taya ka jaje. Ni ba 'yar babbar kasuwa ba ce, a gida nake ƙulla dabino da gyaɗa da zabibi a leda ina sayar wa baƙi, amma wannan tsutsa ta taɓa shiga mini kaya gab da azumi, har na kwana biyu ina zaune a tabarma da faranti biyu, ina tsaga dabino ɗaya bayan ɗaya, mai kyau a dama, mai gari a hagu. Abin da ya kwantar mini da hankali a lokacin shi ne hadisin Anas da ke cikin Abu Dawuda, cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tsohon dabino, ya riƙa bincika shi yana fitar da tsutsar da ke ciki. Ashe abin ya daɗe tare da dabinon Madina.

Sai dai ɗana, asun da na gani a ɗakina ba mai launin toka ba ne gaba ɗaya. Idan ya sauka a bango ya naɗe fukafukai, rabin da ke kusa da kai fari-fari ne, sauran kuma ja ne kamar tagulla, kamar wanda ya yafa mayafi kala biyu. Shi ma ɗan gidan Cadra ne, ko kuwa wani baƙo ne daban?

Ɗalibin Ilimin Ƙwari, Riyad:

Hajiya, wanda kika kwatanta ba ya ɓuya, Plodia interpunctella ne, wanda Hübner ya bayyana a 1813. Zuriyarsu ɗaya da Cadra da Ephestia, amma gidansa daban, kuma shi kaɗai ne a cikinsu da ake iya shaidawa da ido daga nesa, saboda wannan launi biyu da kika gani. Ko a tsutsa ma akwai alama: ta Cadra da ta Ephestia suna da ƙananan ɗige-ɗige masu duhu a gindin kowane gashi na bayansu, ta Plodia kuwa jikinta sumul yake babu ɗigo.

Tsohon Malamin Gona, Buraida:

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin wannan yaro sau biyu, kuma ban ga abin gyara a kan tarihin sunayen ba, Allah ya ƙara masa basira. Ni a Mai Wurno ta Sudan aka haife ni, na yi aikin malamin gona a yankin Jazira na can kafin in zo yankin Ƙasim na Saudiyya, inda na shekara ashirin da wani abu a gonakin dabino, don haka zan yi magana ne a kan tambayar Alhaji ta biyu, wadda har yanzu ba a taɓa ta ba.

Alhaji, amfanin wannan rabe-rabe a wurin irinmu shi ne, 'yan gida ɗaya ba halinsu ɗaya ba. Calidella da figulilella 'yan gona ne tun asali. Suna yin ƙwai a kan dabinon da ya nuna ya fara bushewa a bisa, da wanda ya faɗo ƙasa aka bar shi a gindin itace, da wanda aka shanya, sannan a kwaso su cikin kaya a kai sito ba a sani ba. Haka ma wani ɗan zuriyarsu daga wani gidan, Ectomyelois ceratoniae, wanda yake shiga rumman da dabino tun suna kan itace. Idan ɗaya daga cikin waɗannan aka samu a kayanka, to hujja ta karkata zuwa gona sosai. Shi kuwa cautella ɗan sito ne, can ya fi jin daɗi, yana zama a tsagar bango da tsohon buhu da ragowar dabinon bara da ya maƙale a ƙarƙashin katako, yana jiran sabon kaya.

Amma a nan nake so ka yi hattara, domin na sha ganin an yanke hukunci da gaggawa an ɓata zumunci. Kasancewarsa ɗan sito ba ya nufin lalle sitonka ne. Manomi ma yana da rumfar da yake tara dabino kafin ya zuba a katan, kuma cautella yana yin ƙwai a kan tulin da aka bari a buɗe da dare, har ma a kan nonon dabinon da aka jinkirta yankewa. Ƙwan kuwa ƙanƙane ne, bai kai rabin milimita ba, mai zuba kaya ba zai gan shi ba ko da ya rantse ya duba. A zafin da ya kai digiri 30 da ɗan laima, daga ƙwai zuwa asu mai tashi bai fi wata guda ba, kuma mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da ɗari. Wata biyun da kayan suka yi a wurinka sun isa a yi haihuwa biyu, saboda haka yawan tsutsar da ka gani yau ba ya nuna yawan da aka fara da shi, ba ya kuma nuna inda aka fara.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka bar kayan su yi magana da kansu. Ka ciro katan daga tsakiyar jeri, wanda ledarsa take a ɗaure ba huda, ka zazzage shi a kan farin zane. Idan ka samu tsutsa da tsohuwar saƙa da ɓawon da asu ya fita ya bari a can tsakiyar dabinon, to da ita aka rufe katan ɗin. Idan kuwa ɓarnar tana sama-sama ne, a katan-katan na gefe, musamman waɗanda ke kusa da bango ko kusa da wani tsohon kaya, na tsakiya kuma lafiya lau, to ka nemi tushen abin a ɗakinka.

Sannan ina da ja a kan takardar kamfanin nan. Da me suka tabbatar cewa cautella ne? Idan tarkon ƙamshi suka rataya suka ƙirga abin da ya manne, to wannan bai isa ba, domin sinadarin da ake sa wa tarkon, wanda yake kwaikwayon ƙamshin mace, kusan ɗaya ne a wurin cautella da Plodia da elutella da kuehniella, duk mazajensu suna amsa kiransa. Kuma da zarar asu ya manne a danƙo, garin fukafukansa ya goge, to duk sun zama toka-toka, ko gwani ba zai raba calidella da cautella da ido ba. Sau da yawa ma'aikaci yakan rubuta sunan da ya fi sabawa da shi ne kawai.

Mai Dabino, Madina:

Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Jiya bayan sallar isha'i ni da yarona muka yi yadda ka ce. Mun ciro katan shida daga tsakiya, biyar babu komai a cikinsu, ɗaya kuma mun samu tsutsa biyu a can ƙasa. Na gefen bangon yamma kuwa, inda na ajiye ragowar dabinon sukkari na bara da ban samu sayarwa ba, kusan kowanne ya kamu, kuma da muka janye katakon da ke ƙarƙashinsu sai ga saƙa fal a kusurwa, har da tsutsotsi suna hawa bango. Gaskiya jikina ya yi sanyi, domin na riga na faɗa wa manomin magana mai nauyi a waya, kuma yau da safe na kira shi na nemi afuwarsa. Duk da haka wannan katan ɗaya na tsakiya yana tsaya mini a rai. Game da kamfanin kuwa, tarko suka rataya kwana uku, ba su ɗauki ko tsutsa ɗaya sun tafi da ita ba. Ɗana na Riyad, yaya ake yi a tabbatar da nau'in ba tare da shakka ba? Kuma sauran kayan da ba su kamu ba, me zan yi da su kafin baƙin Umara su ƙaru?

Ɗalibin Ilimin Ƙwari, Riyad:

Baba Alhaji, abin da Malam ya faɗa a kan tarko gaskiya ne, kuma mu ma a ɗakin bincike ba ma sa hannu a kan sunan ɗan gidan Cadra sai mun bi ɗaya daga hanyoyi uku. Ta farko ita ce a yanke ƙarshen cikin asun, a jiƙa shi a sinadarin da ke narkar da tsoka, a fito da gaɓoɓin haihuwa a duba su a madubin ƙara girma, domin kowane nau'i da irin ƙirarsa, kuma a kan wannan ƙira ce aka gina rabuwar Cadra da Ephestia tun farko. Ta biyu ita ce duba tsutsa, a auna tsarin gashinta da girman ƙofofin numfashin da ke gefen jikinta, wanda aiki ne mai son haƙuri. Tsutsar figulilella takan nuna layukan ɗige-ɗige masu ɗan launin shuni a bayanta, amma wannan alama ce kawai, ba hukunci ba. Ta uku ita ce gwajin ƙwayar halitta, inda ake karanta wani ɗan yanki mai harafi kusan 650 a kwatanta shi da na nau'o'in da aka riga aka sani, hanyar da ta yaɗu tun daga 2003.

Katan ɗin nan na tsakiya shi ya fi cancanta a bincika, domin idan tsutsarsa ta fito calidella ko figulilella alhali na gefen bango cautella ne, to ɓarna biyu ce ta haɗu, ƙarama daga gona, babba daga sito, kuma manomin zai amfana da sanin haka don ya riƙa rufe nonon dabino da raga yana kuma tsince wanda ya faɗi. Idan kuwa duk cautella ne, zai yiwu ƙaramar tsutsa ce ta sami kafa a bakin leda ta shiga, domin sabuwar ƙyanƙyasa tana bi ta hudar da ido ba ya gani.

Kayan da ba su kamu ba, ka kai su firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri su yi mako guda cur, ana lissafi daga lokacin da sanyin ya ratsa tsakiyar katan, wannan yana kashe ƙwai da tsutsa da wadda ta naɗe kanta. Bayan haka a ajiye su a ɗakin sanyi, domin ƙasa da digiri 15 girman cautella yakan tsaya. Ragowar sukkarin bara a fitar da shi daga ginin gaba ɗaya, a share, a wanke katako, a toshe tsagar bango. Ina roƙonka kada ka bari wani ya sa maka ƙwayar hayaƙin fosfin idan siton yana manne da gidan da mutane ke kwana, domin gubarsa tana ratsa bango kuma ta sha kashe mutane, aikin masu lasisi ne a wurin da aka keɓe.

Game da samfuri, ka ware kwalba biyu, ka rubuta wa ɗaya "tsakiya", ɗaya "bangon yamma", da kwanan wata. Tsutsar ka tsoma ta a ruwan zafi na minti ɗaya don kada ta yi baƙi, sannan ka zuba ta a sifirit na kemis mai ƙarfin kashi 70. Asu masu tashi kuwa kada a jiƙa su, ka kama kamar goma da kofi a jikin bango da rana lokacin da suke hutawa, ka sa su a firiza su mutu, ka jera su a ƙaramin kwali tsakanin auduga. Daga katan na tsakiya ka bar tsutsa ɗaya da rai a kwalba da dabino biyu, ka rufe bakin da ƙyalle, cikin mako uku ko huɗu za ta fito asu da fukafukanta cikakku. Idan sun haɗu ka ba ɗan ƙanenka ya kai sashen kare tsirrai na kwalejin aikin gona, ko ka yi mini magana ta saƙon sirri in gaya maka ranar da zan shigo Madina.